Kujerar Dama: Yadda Mai Koyar da Tuƙi Zai Sauke Nauyin da Ke Kansa a Titunan Saudiyya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar dama ta gaban mota yayin da ɗan koyo yake riƙe da sitiyari ya san irin bugun da zuciya take yi a lokacin. Hannun wani ne a kan sitiyari, ƙafar wani ce a kan totur, amma idan motar ta taka yaro a bakin layi ko ta daki bayan wata, mutumin da ke kujerar dama za a fara tambaya, kuma shi ya cancanci a tambaya, domin a cikin su biyun shi kaɗai ya san abin da ƙarfe mai gudu yake iya yi wa jikin ɗan Adam. Na yi wannan rubutu ne domin 'yan'uwa Hausawa mazauna Saudiyya, maza da mata, waɗanda koyar da tuƙi ya zama sana'arsu, da kuma waɗanda dangi suke roƙo su ɗan nuna wa yaro hannu kafin ya shiga makaranta.

A tsakanin mutanenmu na Makka da Jidda da Madina, tuƙi abinci ne. Wani direban gida ne, wani yana jigilar masu Umara, wani yana kai kaya shaguna, kuma tun ranar 24 ga Yunin 2018 da aka fara barin mata su yi tuƙi, bayan umarnin da Sarki Salman ya bayar a Satumbar 2017, matanmu da 'ya'yanmu mata sun shiga sahun masu neman lasisi, ko ruhsa kamar yadda bakinmu ya saba a nan. A shekarar 2016 fiye da mutum 9,000 suka rasu a haɗarin mota a ƙasar nan, kuma ko da yake adadin ya ragu ƙwarai daga baya, Hukumar Lafiya ta Duniya har yanzu tana cewa haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29 a faɗin duniya. Idan aka duba da kyau, waɗannan shekarun su ne na yawancin ɗalibanmu da na yaran da za su riƙa zama a kujerar bayansu. Jarrabawar Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, 'yan mintoci ce, amma wanda ya ci ta zai iya shekara arba'in yana tuƙi, kuma duk ɗabi'ar da malami ya kawar da kai ya bari ta wuce a lokacin darasi, da ita ɗalibin zai yi waɗannan shekarun.

Sanin iyakar da doka ta gindaya

Lasisin mota ta ƙashin kai sai mai shekara 18, sai dai akan ba mai shekara 17 izini na wucin gadi. Ana neman gurbi a makarantar tuƙi ta manhajar gwamnati ta Absher, a yi gwajin lafiya da na ido, sannan wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ya yi awa 30 na horo, wanda kuwa aka gwada aka ga yana da hannu a rage masa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne cewa tuƙi a kan titin jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne, ko da kawun yaron yana zaune a gefe, kuma idan aka yi haɗari kamfanin inshora yana iya komowa kan mai motar ya nemi kuɗinsa. Saboda haka wanda ba malamin makarantar tuƙi ba ne, ba ya da mota mai birki biyu, kada zumunci ya sa ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa makulli a titin Shari'ul Mansur na Makka da dare wai don titi ya yi sauƙi. Akwai taimakon da zai yi masa wanda ya fi wannan amfani: ya zaunar da shi a kujerar dama, shi ya yi tuƙin, yana faɗar abin da yake gani da abin da yake shirin yi da babbar murya. "Ga bas can ta tsaya, ƙila wani ya ɓullo ta gabanta, na ɗauke ƙafa daga totur. Na duba madubi, akwai babur a bayana." Yaron da ya yi mako biyu yana jin wannan zai shiga makaranta da idon direba tun kafin ya sami ƙafar direba.

Kafin a murza makulli

Malami ya fara da motar, kuma ya yi dubawar a gaban ɗalibi, domin dubawar ita ma darasi ce. Ya taka birkin da ke gefensa ya tabbata yana kamawa, ya daidaita ƙaramin madubinsa na kallon baya, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai da fitilu da sigina. Wurin da nake so a daɗe shi ne taya, domin a ƙasar da zafin bazara yake wuce digiri 45 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa, taya ce take fara cin amanar direba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, ta yadda 2322 yake nufin mako na 23 na shekarar 2022. Ka sa ɗalibi ya tsuguna ya karanta da kansa, ka nuna masa cewa taya tana iya zama da zanenta kamar sabuwa alhali robar ta bushe ta fara tsagewa. Sannan ka cire masa wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin direbobi, wai a lokacin zafi akan rage iskar taya don kada ta fashe. Akasin haka ne gaskiya: tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasawa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma shi yake fasa ta a tsakiyar gudu. Ma'aunin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma ana auna shi ne da safe kafin tayar ta ɗauki zafi.

Bayan mota sai malamin ya dubi kansa. Wanda ya kwana yana hira har asuba, ko wanda wayarsa take hannunsa yana amsa saƙon WhatsApp yayin da ɗalibi yake tuƙi, ya bar motar babu direba, domin ɗalibin bai zama direba ba tukuna. Tarar riƙe waya a tuƙi tana tsakanin riyal 500 da 900, amma ba tarar ce abin dubawa ba. Ɗalibi yana koyon abin da ya ga malaminsa yana yi fiye da abin da ya ji yana faɗa, kuma babu wa'azin da zai goge hoton malami yana latsa waya a danja.

Sai ɗalibin. Ka tambaye shi ko yana sa tabarau, ko ya yi barci, ko yana shan wani magani mai kawo kasala irin na mura, ko yana da ciwon sukari. Ka kuma gano da wane harshe kansa yake aiki da sauri. Da yawa daga cikin yaranmu da aka haifa a nan sun fi saurin jin "yamin" da "yasar" fiye da dama da hagu, wanda kuwa bai daɗe da zuwa daga Kano ko Maraɗi ba sai ya tsaya ya fassara kafin ya juya. Ku zaɓi harshe ɗaya na umarni ku tsaya a kai, amma ka tabbata ya san kalmomin Larabcin da zai ji daga bakin mai jarrabawa da waɗanda zai karanta a allunan hanya.

Darasin farko ana yin sa ne mota tana tsaye. A daidaita kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa idan an taka birki har ƙasa, a daidaita madubai uku, a ɗaura bel. Bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙirƙira a kamfanin Volvo a 1959, yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi, don haka mota ba ta motsi sai kowa ya ɗaura, har da wanda ya rako ɗalibi ya zauna a baya. A motar otomatik, wadda ita ce mafi yawa a nan, ƙafar dama kaɗai take aiki, dunduniya tana ƙasa, tana karkata tsakanin birki da totur, ƙafar hagu kuwa hutu take yi. Ka koyar da birki kafin totur, kuma ka dasa masa cewa duk lokacin da ƙafa ba ta kan totur, gidanta saman birki ne. Motocin da ake gani sun faɗa cikin shago ko bangon gida yawanci daga nan matsalar take, mutum ya firgita ya danna totur da dukkan ƙarfinsa yana zaton birki ne.

Yadda ake magana a cikin mota

Rabin aikin malami a bakinsa yake. Umarni ya zo da wuri, ya zo a taƙaice, kuma a fara ambaton wuri kafin aiki. Idan ka ce "juya dama a kwana ta biyu", sabon ɗalibi yakan ji "juya dama" ya murza sitiyari kafin ka ƙarasa, amma idan ka ce "a kwana ta biyu, bayan masallacin can, za mu juya dama", ka ba shi lokacin duba madubi da sa sigina da rage gudu. Akwai kuma wani tarko na harshenmu da ya kamata a kiyaye. Kalmar "dama" fuska biyu gare ta, kuma malamin da ya ga gurbi a titi ya ce "ga dama nan, shiga" yana iya ganin ɗalibinsa ya karkata hannun dama alhali hagu ake nufi. A cikin mota a bar kalmar ga hannu kawai, idan gurbi ne a ce "hanya ta buɗe". Haka nan "yi hankali" ba umarni ba ne, domin bai faɗi abin da za a yi da hannu ko ƙafa ba. A ce "rage gudu", "taka birki", "riƙe layinka". Kalma ɗaya kuma a keɓe ta, wato "tsaya", a yi yarjejeniya tun ranar farko cewa idan an faɗe ta babu tambaya babu gardama, sai an tsaya sannan a yi bayani.

Tsawa ba ta koyar da tuƙi. Wanda aka daka wa tsawa jikinsa yakan sandare, idonsa ya koma kan bonet, ya daina ganin titi, ya koma sauraron numfashin malami. Idan an yi kuskure, a nemi wuri mai aminci a faka, sannan a tambaye shi abin da ya gani da abin da ya yi niyya, domin sau da yawa a cikin amsarsa ake gano inda fahimtar ta karkace. A nan kuma tarbiyyarmu tana da abin da take jawowa. Yaron da ya tashi da kunya zai ce "na gane, Malam" ko da bai gane ba, saboda yana ganin sake tambaya rashin ladabi ne, don haka kada ka karɓi "na gane" a matsayin shaida, ka ce ya maimaita maka da bakinsa ko ya nuna da hannunsa. Idan kuma ɗalibin ya girme ka, dattijo ne da ya yi shekaru yana tuƙi a gida ya zo neman lasisin nan, girmamawa ba ta hana gyara. Ana iya cewa, "Baba Alhaji, a gafarce ni, a nan sai mun tsaya cak a bayan farin layin, kyamara tana kallo", kuma a sake faɗa gobe idan ya sake. Irin wannan ɗalibin ya fi sabon shiga wahala, domin icen ya riga ya bushe a yadda ya tanƙwaru, kuma tsohon hannu yakan raina madubi da sigina. Malama mai koyar da mata ita ma za ta haɗu da Hajiyar da ta yi shekara talatin a kujerar baya, ta san kowane lungu na Jidda amma hon ɗaya daga baya yana sa ta rikice. Irin wannan ba ƙarin bayani take buƙata ba, maimaici take buƙata a wuri mai sauƙi har jikinta ya saki.

Lokacin da za ka karɓi motar

Malami yana tuƙi ne da idonsa tun kafin ya taɓa komai. Ya riƙa kallon nesa fiye da inda ɗalibi yake kallo, yana duba madubinsa, yana kuma satar kallon idon ɗalibi da ƙafarsa, domin daga nan ake gane kuskure kafin a yi shi. Hannunsa na hagu ya zauna kusa da sitiyari, ƙafarsa tana shawagi a saman birki a duk mahaɗar hanya, amma ba ta taka shi a ɓoye. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: malamin da yake rage wa ɗalibi gudu a asirce yana sa shi ya ɗauka cewa lissafinsa daidai ne, kuma ranar da ya fita shi kaɗai babu ƙafar da za ta gyara masa. Idan ka taka birki ko ka kama sitiyari, ka faɗa a take, "na karɓa", sannan idan ka mayar masa ka ce "motar tana hannunka". Kada a sami daƙiƙa ɗaya da kowannenku yake zaton ɗayan ne yake tuƙi.

Tsarin shi ne murya da farko, idan ba ta isa ba sai hannu ko ƙafa, kuma kafin ka taka birki da ƙarfi ka riga ka san abin da ke bayanka. Lissafin da ya kamata ya zauna a kan malami da ɗalibi duka mai sauƙi ne. A gudun kilomita 60 mota tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, a gudun 120 kuwa kusan mita 33. Daƙiƙa ɗaya ita ce kusan abin da mai lura yake ɗauka tsakanin ganin haɗari da taka birki, sabon ɗalibi kuwa ya fi haka. Bayan an taka, nisan da mota take ja kafin ta tsaya ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi: kusan mita 20 a gudun 60 a busasshiyar kwalta, kusan mita 80 a gudun 120. Na fi son a fita daga mota a filin koyo a auna mita 80 da taku tare da ɗalibi, domin abin da ƙafa ta taka ya fi abin da kunne ya ji zama a kai.

Fita daga filin makaranta

Kada ka kai ɗalibi inda ya fi ƙarfinsa don ka burge shi ko don ka gaji da zagaya fili. Daga fili sai titi marar cunkoso, daga nan sai unguwa mai mahaɗai da danja, sai shataletale, babbar hanya kuwa sai a ƙarshe, kuma kowane mataki sai ya yi wanda ya gabace shi ba tare da ka buɗe baki ba. A shataletale, wanda muke kira dawwar, wanda yake ciki shi ke da hanya. Kowa ya san wannan a takarda, kuma duk wanda ya taɓa bi ta manyan dawwar na Jidda ya san ba kowa yake aiki da shi ba, don haka ka koya masa dokar, ka kuma koya masa kada ya jingina ransa a kan cewa wani zai bi ta. Wajen sauya layi, jerin ba ya canzawa: madubi, sigina, ɗan waiwaye ta kafaɗa don ganin wurin da madubi ba ya nunawa, sannan a karkata a hankali. Waiwayen nan ne ake fara yarwa da zarar an sami lasisi, kuma a daidai wurin nan ne masu baburan kai abinci suke ɓoyewa.

Tazara tsakaninsa da motar gaba a auna ta da lokaci. Idan ta gaban ta wuce wata alama, fitilar titi ko gada, ya ƙirga daƙiƙa uku kafin shi ya iso wurin, a ƙara idan akwai ruwa ko ƙura. Zai yi ƙorafi cewa da zarar ya bar gurbi wani yake faɗawa ciki. Gaskiya ne, sai ya sake buɗe wani, abin da ya rasa bai kai tsawon mota biyu ba. Ka kuma shirya shi don ranar da wani zai manne masa a baya a layin hagu yana watsa masa fitila. Maganin shi ne ya sa sigina ya koma dama idan hanya ta buɗe, ba ya ƙara gudu don tsoro ba, ba ya taka birki don haushi ba, kuma ba ya fita bayan layin rawaya na gefen titi ba.

Game da kyamarorin Sahir masu kama masu karya dokar hanya, waɗanda aka fara kafawa a Riyad a 2010, akwai malaman da suke koya wa ɗalibai wuraren da suke maimakon su koya musu kiyaye gudu. Sakamakon shi ne direban da yake sheƙa gudu sannan ya danne birki a gaban kyamara, wanda yake bayansa ya rasa inda zai sa kansa. Ka nuna masa cewa lambar da ke allo ita ce iyaka a yanayi mai kyau, ba bashin da ake binsa ba, kuma ko a hanyoyin da aka ɗaga iyakarsu zuwa 140 a 2018 babu wanda ya wajabta wa sabon direba kaiwa can. Tsallake jar danja tararsa riyal 3,000 zuwa 6,000 ce, wasan ganganci da mota da ake kira tafhit kuwa riyal 20,000 ne a karon farko. Idan ɗalibinka matashi ne, ka yi masa maganar tafhit kai tsaye, domin abokansa sun riga sun yi masa ita ta wata fuskar.

Abin da jarrabawa ba ta tambaya

Ruwan sama a Jidda ba ya yawan zuwa, shi ya sa idan ya zo yake samun mutane ba shiri. Yayyafin farko yana tayar da mai da ƙurar da suka yi watanni a kan kwalta, titi ya koma kamar an shafa sabulu. Waɗanda suka ga ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari, ba sa buƙatar a gaya musu, amma ɗalibi mai shekara 18 bai san ta ba sai a labari, don haka a gaya masa a fili cewa ba a shiga ƙarƙashin gada idan ruwa ya taru, ba a kuma tsallaka kwari yana gudu ko da babbar mota ta wuce a gabanka. A guguwar ƙura a rage gudu a kunna ƙananan fitilu, idan gani ya ɗauke a fita daga titin gaba ɗaya kafin a tsaya. A hanyar Makka zuwa Madina, mai tsawon fiye da kilomita 400, abokan gaba biyu ne, barci da raƙumi, kuma raƙumi saboda tsawon ƙafafunsa jikinsa kan gilashin gaba yake faɗowa. A gangaren Hada, idan an sauko daga Ɗa'if, wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai ji ƙauri sannan ya ji birkin ya yi laushi, don haka a koya masa sa ƙaramar giya, wadda ko motar otomatik tana da ita, injin ya riƙe motar.

Makka kuma tana da nata darasin. Ramukan da aka fasa a cikin duwatsu suna ɗauke ido na ɗan lokaci idan an shiga daga hasken rana, sai a cire baƙin tabarau, a kunna fitila, a bar sauya layi. A kewayen Harami akwai baƙin Allah daga ƙasashen da ake tuƙi ta hagu, waɗanda idan za su tsallaka titi ɓangaren da ba shi ba suke fara dubawa, ga tsofaffi, ga masu keken guragu, ga wanda hankalinsa yana kan kada salla ta wuce shi. Ɗalibi ya saba da ɗauka cewa mai tafiya a ƙasa bai gan shi ba. A watan azumi kuwa, sa'ar da ta gabaci shan ruwa ba lokacin darasi ba ce ga sabon shiga, kuma ga wanda ya kusa gamawa darasin shi ne ya ajiye dabino da ruwa a mota, ya yarda kiran salla ya same shi a hanya. A ƙara masa da cewa yaron da bai kai shekara 10 ba wurinsa kujerar baya ce, jariri yana da kujerarsa ta musamman, cinyar uwa ba ta riƙe shi idan an yi karo, kuma ba a barin yaro a rufaffiyar mota ko na shiga kanti a fito ne.

Idan tsautsayi ya faru a lokacin darasi, malami ne zai karɓi ragama. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya fitar da ɗalibi ta ɓangaren da babu motoci zuwa bayan shingen titi, ya ajiye alwatikar gargaɗi da nisa. Idan akwai rauni a kira 911 a yankin Makka, ko 997 na motar asibiti, kuma kada a ja wanda ya ji ciwo a wuya ko baya sai in wuta ake tsoro. Idan ɓarnar ƙarfe ce kawai kuma akwai inshora, a ɗauki hotuna a sanar da Najm, kamfanin da yake duba haɗarin motoci masu inshora, ta manhajarsu, a kawar da motocin daga hanya kamar yadda suka umarta. Kada ka bari ɗalibi ya shiga musu da ɗaya direban, kada kuma ka ɗora masa laifi a bakin titi. Ka mayar da shi kan sitiyari a darasi na gaba, a wuri mai sauƙi, kafin tsoron ya yi saiwa.

Faɗin "bai isa ba tukuna"

Wannan ne wuri mafi nauyi a sana'ar, domin matsin daga mutanen da kake jin kunya yake fitowa. Uba zai zo ya ce, "Malam, a taimaka, an yi wa yaron nan alkawarin aiki, lasisin kawai ake jira." Wani zai turo maka wanda ba ka iya yi wa musu. Amsar da na ga tana aiki ita ce wadda take ɗauke da dalili a fili: "Alhaji, ɗanka ya iya fakin da ribas, amma sau uku yau ya sauya layi bai waiwaya ba, kuma na taka masa birki a dawwar. A ba ni darasi huɗu." Shi ya sa yake da kyau malami ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya faru a kowane darasi, da adadin lokutan da ya sa baki ko ƙafa, domin rubutu yana kashe gardama, kuma yana hana shi kansa malamin yaudarar kansa saboda sabo da ɗalibi.

Ma'aunin da nake amfani da shi kafin in ce wani ya shirya shi ne darasin shiru. Ina gaya masa inda za mu, wuri mai nisan kamar rabin awa wanda hanyarsa ta haɗa unguwa da danja da dawwar da ɗan yankin babbar hanya, sannan in rufe bakina, shi ya zaɓi layi, shi ya karanta alluna, idan ya ɓata hanya in ga ko zai wuce ya zagayo ko zai yanko layi uku don kada mafita ta wuce shi. Idan muka isa ban yi magana ba, ban taɓa birki ba, sai mu sake yin haka wata rana da dare. Wanda ya wuce duka biyun nakan sallame shi da sharuɗɗa na watannin farko: kada ya cika mota da abokai, kada ya yi doguwar tafiyar dare, wayarsa ta zauna a aljihun mota, kuma tafiyarsa ta farko zuwa Madina ya yi ta da rana, da wani tsohon direba a kujerar dama, su tsaya su huta duk bayan awa biyu.